Dangantakar Jini Tsakanin Tuddan Murjani da Matsalar Kiyaye Su: Misali daga Ostareliya

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san murjani a matsayin dutsen ado da mata ke ratayawa a wuya, amma asalinsa wata 'yar halitta ce mai rai da ke zaune a cikin teku. Jan murjanin ado a Bahar Rum aka fi saninsa. Wanda wannan maƙala za ta duba kuwa danginsa ne, wato irin wanda ke gina gidajen alli bisa juna har su zama tuddai a ruwa maras zurfi. Jerin tuddai mafi girma a duniya shi ne wanda ake kira Great Barrier Reef, a arewa maso gabashin Ostareliya. Tsawonsa ya kai kilomita 2,300, kuma ya ƙunshi tuddai kimanin 2,900.

2.0 Yadda Dangantakar ke Ƙulluwa

Murjani idan ya kafu ba ya ƙara motsawa, sai dai 'ya'yansa su yi tafiya. A farkon shekarun 1980 ne masana a Jami'ar James Cook suka gano cewa ire-iren murjani da dama kan saki ƙwai da maniyyi a tare, 'yan darare bayan cikar wata, galibi a Oktoba ko Nuwamba. 'Ya'yan da aka samu sukan bi kwararar ruwa na kwanaki ko makonni kafin su sauka su kafu. Ta haka ne tudun da ya lalace kan sami sabon iri daga wani tudu mai nisa.

Ba a iya bin sawun abin da ido ke gani da ƙyar, saboda haka sai a kwatanta ƙwayoyin gadon halittun wurare daban-daban, kamar dai yadda mai nazarin karin harshe kan gane cuɗanyar garuruwa biyu daga kamancin lafazinsu. Alal misali, wani bincike da aka buga a 2012 ya yi amfani da wannan hanya wajen haɗa ƙananan kifaye iri biyu da iyayensu a tsibiran Keppel. An tarar cewa wuraren da aka hana su, waɗanda ba su wuce kashi 28 cikin ɗari na tuddan yankin ba, su ne suka haifi kusan rabin ƙananan kifayen, har da waɗanda suka girma inda masunta ke jefa koma.

3.0 Barazanar Zafi

A jikin murjani akwai wata gansakuka da ke ba shi abinci da launi. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima sai ya fitar da ita, ya koma fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. Wannan annoba ta auku a jere a 2016 da 2017, kuma a 2018 aka ga yawan sababbin 'ya'yan da ke kafuwa ya faɗi da kashi 89 cikin ɗari. Wato ba tuddai kaɗai suka lalace ba, iyayen da za su farfaɗo da su ma sun ƙaranta.

Tun 2004 gwamnati ta faɗaɗa wuraren da aka hana su daga ƙasa da kashi 5 zuwa kimanin kashi 33 cikin ɗari. To amma a ganinmu faɗin wuri ba shi ne kan gaba ba; abin tambaya shi ne, wane tudu ne ke ciyar da saura? Wani nazari na 2017 ya ware tuddai kimanin 100, wato kashi 3 cikin ɗari, waɗanda ruwansu ya fi sanyi kuma 'ya'yansu ke iya isa kusan rabin sauran tuddan. Su ne rumbun iri, su ya kamata a fara tsarewa. Sai dai dokar hana su ba ta sanyaya ruwa: zafin 2024 ya kai har kudancin jerin, yankin da a 2016 ya tsira da sauƙi.