Seleniyam da Narkewar Abinci a Jikin Yara

Cutar sistik faibrosis, wadda ake gadonta, tana toshe fankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, shi ya sa ake ba masu ita ƙwayoyin narkarwa a kowane cin abinci, waɗanda kuma kan ƙara musu seleniyam, sinadarin da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Cutar ba ta yawaita a ƙasar Hausa ba, amma a ƙauyukan Bichi da Dambatta tamowa mai kumburi tana raunana wannan gaɓa, har yaro ya ci tuwo gudawa ta kwashe amfaninsa. Haɗin gyaɗar da asibitoci ke raba wa yara masu tamowa yana ɗauke da seleniyam, kuma wajibi ne a kai yaron da ƙafafunsa suka kumbura asibiti da wuri.