Ba Kainuwa Ba, Ba Gansakuka Ba: Shaida Ɗan Tsiron da ke Rufe Kududdufan Kudancin Kano

Idan damina ta yi nisa a ƙasar Bebeji da Kiru, kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu sukan lulluɓe da wani koren abu, har mai wucewa ya ɗauka gansakuka ce. Sau da yawa ba ita ba ce. Tsiro ne mai fure, wanda masana ke kira Lemna aequinoctialis, sunan da Friedrich Welwitsch ya raɗa masa a 1859 bayan ya same shi a Angola.

Tafin hannu ya isa a rarrabe su. Gansakuka takan fito da yauƙi, ta manne a yatsu. Shi kuwa warwatsewa yake yi ƙwaya-ƙwaya, kowace tsawonta milimita 1 zuwa 6. Ba shi da kara. Abin da ido ke gani kamar ganye shi ne ɗaukacin jikinsa, da saiwa ɗaya tak tana reto cikin ruwa. Ƙidayar saiwar ita ce babbar hujja. In an tarar da tarin saiwoyi, ƙarƙashin ganyen kuma ya yi ja-ja, to Spirodela polyrhiza ce. In babu saiwa sam, kuma ƙwayar ba ta kai ta gero ba, Wolffia ce. Tabbatar da jinsin kansa sai da gilashin ƙara girma, inda ake ganin kube mai fiffike a gindin saiwar.

Ruwa mai kwanciya yake so, musamman wanda kashin dabbobi ko takin zamani ya gangara cikinsa. Saboda haka tsakiyar madatsar Tiga, inda iska ke tayar da igiyar ruwa, ba mazauninsa ba ne, haka ma rafukan da ke gangarowa daga duwatsun Riruwai a Doguwa. Mai nemansa ya duba lungunan gaɓa da fadamun shinkafa na Tudun Wada. Idan kududdufi ya ƙafe da rani, irinsa kan kwanta cikin laka har ruwa ya dawo.

Matsalar da ta shafi masu nazarin Hausa ita ce ta suna. Dalziel, a ƙamusunsa na tsirrai na 1916, ya danganta kainuwa da Pistia stratiotes, mai manyan ganyaye masu gashi. Dangi ɗaya suke da wannan ɗan tsiro, har da gwaza, amma dangantaka ba ta halatta aron suna ba. Mai fassara littafin kimiyya da ya kira su duka kainuwa zai bar ɗalibi yana neman tsiro mai faɗin tafin hannu, alhali wanda ake nufi bai fi ƙwayar riɗi ba.