Kafin Ka Bari A Zuba Wa Motarka Omo

Duk mai bin titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga, ya wuce Shagari ya nufi Tambuwal da Jega, ya san yadda hunturu ke yi wa motoci. Fara da baƙa da shuɗiya, kafin azahar duk sun koma launi ɗaya, ja-ja-ja da ƙura. Shi ya sa wankin mota ya zama sana'a a bakin wannan hanya. Inda duk aka samu famfon burtsatse da 'yar inuwa, za ka tarar da samari da bokitai da tsumma, ga Golf da Sharon na 'yan haya sun yi layi, ga baburan 'yan kabu-kabu a gefe.

Wata ranar kasuwa na tsaya a irin wannan wuri, rana tsaka. Yaron da ke wankin ya yage ledar omo da haƙori, ya juye a rabin jarka, ya kaɗa da hannu. Sosonsa guntun buhu ne da aka dunƙule. Direban da ke gabana yana zaune a benci yana cin rake, ya leƙa jarkar ya ce, "Kai yaro, ƙara omo, ban ga kumfa ba." Yaron ya ƙara. Ya fara daga tayoyi, ya tsoma soson cikin ruwan nan da ya riga ya yi kauri da laka, sannan ya hau bonet da shi. Kafin ya zagayo ɗaya gefen, kumfar farko ta bushe ta bar farin zane kamar an shafa alli.

Ban ga laifin yaron ba, don ni ma haka aka riƙa wanke tawa shekara da shekaru, ina tsaye ina yaba ƙoƙari. Shuɗiya ce 'yar Kwatano, ta zo tana ɗaukar ido. Sannu a hankali rufinta da bonet suka dushe, daga baya suka fara ɓarewa fari-fari kamar fatar da ta sha ƙuna. Da na kai ta wurin mai fenti, ya shafa da yatsa ya ce, "Malam, rana ta ci rabonta, sauran kuwa wanki ne." Kuɗin da ya yanka min ya isa in sayi sabulun mota na shekaru.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai shafen farko da ke kama ƙarfe, akwai launin kansa, sai wani shafe garai-garai a sama wanda shi ne ke ba mota ƙyalli yake kuma tare zafin rana. Wannan na saman kaurinsa bai kai silin gashin kai ba. Duk kyan da kake gani a jikin motarka yana rataye ne a wannan 'yar fata. In ta tafi, babu folish ɗin da zai dawo da ita, sai sabon fenti.

Matan gida sun san abin da masu ilimin sinadarai ke kira pH tun kafin a kawo sunan. In miyar sure ta yi tsami, sai a jefa mata 'yar kanwa ta kashe tsamin. To, ma'aunin pH tsakanin waɗannan biyun yake awo. Yana tashi daga 0 zuwa 14. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, can ƙarshensa ruwan batir. Sama da 7 ɓangaren kanwa ne, can ƙarshensa soda mai cin hannu. Tsabtataccen ruwa yana 7 daidai. Sabulun da aka yi domin wankin mota na yau da kullum ana haɗa shi ya tsaya kusa da 7. Garin omo kuwa, kowane kamfani ya yi shi, in aka kaɗa shi a ruwa yakan kai 10 ko 11. Kuma kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne, saboda haka tsakanin 7 da 10 ninki dubu ake magana.

Wannan ba aibu ne ga omo ba. An yi shi ne ya fitar da manja da gumi daga wuyan riga, kuma yana yi. Wannan ƙarfin nasa shi ke kwashe folish ɗin da ke kare fenti, ya bar shi tsirara gaban ranar Sakkwato, wadda a watan Afrilu take haura digiri 40. Baƙar robar bamba da ta bakin gilashi su ma sukan yi fari su bushe. In kuma garin bai gama narkewa ba, tsakinsa na bin soso yana karce. Sabulun wanke kwanuka ya fi omo sauƙi, amma shi ma aikinsa cire maiƙo ne, kuma folish maiƙo ne a wurinsa. Wanki ɗaya ko biyu ba zai kashe mota ba. Matsalar mai haya ce da ke wanki kusan kullum, da ma'aikacin da ke kai tasa kowace Juma'a.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne sabulun ruwa na gora, kore ko ruwan hoda, wanda ake haɗawa a gida a ɗura a robar ruwa ko ta lemo. Sana'a ce mai kyau, mata da matasa da yawa sun koye ta suna rufa wa kansu asiri, kuma akwai masu awo tsakani da Allah. Sai dai haɗin nasa ya ƙunshi soda mai cin hannu da wani sinadari mai tsami wanda ya kamata su kashe juna daidai wa daida. In mai haɗin ya yi da ka, soda ta yi rara, ita ce za ta hau motarka. Soda kuwa tana cin alminiyam, shi ya sa za ka ga wilin mota mai ƙyalli ya yi dabbare-dabbare ya ƙi gogewa. Sau da yawa kuma da gishiri ake ƙara wa irin wannan sabulu kauri, ga shi gishiri abokin tsatsa ne duk inda fenti ya ɗan ɓantare. Gorar ba suna, ba adireshi, ba ranar da aka yi. In ta yi maka ɓarna, wa za ka kama?

Akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida, ba sai da ɗakin bincike ba. Jiƙa soɓo kaɗan a ruwa, kada ka sa sukari ko wani haɗi, ka tsarma shi ya yi ja mai haske. Raba shi kofi biyu. Ɗiga omo a ɗaya, za ka ga jan ya gudu, ya koma kore-kore ko baƙi-baƙi. Ɗiga sabulun da kake shakka a ɗayan. In ya bar soɓon kusa da launinsa, da sauƙi. In ya juya shi kamar yadda omo ya yi, kai shi banɗaki ya wanke ƙasa, kada ya taɓa fenti. Gwajin ba zai gaya maka lamba ba, amma yana tona sabulun da soda ta yi wa yawa.

Sai maganar kumfa, wadda ita ce ta fi ruɗar mu. Mu dai in ba mu ga ta yi tozo ba, ba a yi wanki ba. Alhali akwai sinadarin da ake zubawa don kumfar kawai, mai araha, kuma masu haɗi sun san abin da ido ke so. Abin da ake nema a sabulun mota santsi ne. Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga hamada, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta haɗu da rairayin hanyarmu, a cikinta akwai ƙananan tsakuwa da suka fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Sabulu mai santsi yana ɗaga su ya sa su zame. Marar santsi yana barin soso ya niƙa su a jikin mota. Tsaya gaban baƙar mota da rana ka duba bonet, za ka ga zane zagaye-zagaye kamar saƙar gizo. Wannan aikin soso ne da ƙura. Shafa ruwan sabulun tsakanin yatsu biyu. Na kirki za ka ji yana sulɓi, kuma in ka ɗauraye hannunka ba ya barin shi a bushe yana ƙaiƙayi.

A shagunan kayan mota na cikin Sakkwato ana samun sabulun mota na kamfani, na waje da na gida. Ka karanta jikin robar, ko ka ba wanda ya iya ya karanta maka. Ka ga an rubuta cewa na jikin mota ne, kuma pH ɗinsa tsaka-tsaki. Ka ga sunan kamfani da adireshi da ranar da aka yi shi. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, kayan wanki da sinadarai na cikin abin da take sa wa ido, saboda haka neman lambarta a jikin roba ba ƙauyanci ba ne. Duba murfi ko an taɓa buɗewa, don tsohuwar roba mai suna tana iya ɗaukar sabon ruwa marar asali. Tsadarsa kan tsorata mutum a karon farko, amma tsarma shi ake yi. In robar rabin lita ce kuma kowane wanki na cin mililita 25, wanki ashirin ke nan. Ka bi awon da aka rubuta. Ƙara shi ba ya ƙara tsabta, wahalar ɗauraya kawai yake ƙarawa. Akwai mai haɗe da folish a ciki, yana ba da ɗan ƙyalli na kwanaki, amma ba ya maye gurbin shafa folish na gaske lokaci-lokaci. In kana son sanin ko da sauran folish a motarka, watsa mata ruwa. In ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangara, da saura. In ya shimfiɗe ya kwanta, ta zama tsirara.

Ruwan ma da nasa aibun. Ƙasar Sakkwato tana da farar ƙasa, ita ce ma ta sa aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina, kuma ruwan burtsatse da ya ratsa irin wannan dutse yakan zo da nauyi. Shi ne ke barin farin ɓawo a gindin buta. In ya bushe a kan mota mai zafi yakan bar ɗigo-ɗigo da ke kama gilashi da fenti. Maganinsa wanki da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa, a tsane da tsumma mai laushi kafin iska ta busar. A fara da watsa ruwa ya kwashe ƙura kafin soso ya taɓa jiki, a faro daga rufi a gangaro, tayoyi a ƙarshe da nasu soson. Bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso. Inuwar ma a lura da ita: ƙarƙashin dogon yaro akwai daɗi, amma kashin tsuntsu in ya kwana biyu a rana yakan ci fenti ya bar tabo.

Wasu abubuwan kuma sun wuce ɓata fenti. Fetur da ake wanke inji da shi, ga inji da zafi ga wayoyin batir, gobara ce ke jiran dalili, kuma yana dusar da robar fitilun gaba. Man birki da wasu ke shafa wa taya don ta yi baƙi, in ya ɗiga a fenti yana tayar da shi. Ruwan wanke wili mai tsami, akwai irinsa da ke ratsa fata ya yi ɓarna a ciki tun mutum bai ji zafi ba, kada a taɓa shi hannu tsirara. Sannan kada a kuskura a haɗa bilic da wani abu mai tsami a bokiti ɗaya, hayaƙin da ke tashi guba ne ga huhu. Duba hannun yaran da ke wannan sana'a, tafin ya tsattsage, farce ya cinye. Safar hannu ta roba ba ta da tsada, mai wurin ya kamata ya saya musu.

Masu gangarawa da mota ko babur bakin dam ɗin Shagari ko wani tafki su wanke, su tuna ruwan nan ba nasu ne su kaɗai ba. Masunta na ci daga gare shi, masu lambu na ban ruwa da shi, dabbobi na sha. Baƙin mai ɗan kaɗan yana shimfiɗuwa ya rufe fuskar ruwa mai faɗi, kuma omon da ke da sinadarin fosfet taki ne ga gansakuka, in ta yi yawa ta ruɓe sai ta shaƙe kifi. A ɗebo ruwan a jarka a yi nesa da gaɓa.

Yanzu robar sabuluna a but take kwana, tare da tsumma biyu. Ranar da na fara miƙa wa wani yaro ita a Boɗinga, ya zuba murfi ɗaya yadda na ce, ya kaɗa, ya dubi bokitin ya dube ni.

"Baba, wanga ba shi kumfa. A ƙara mai omo kaɗan?"

Na ce a'a ɗana, wanke da shi haka nan, ka fara daga sama. Ya yi, yana ƙunƙuni. Da ya gama na ɗora masa wani abu a kan kuɗinsa saboda bokiti na biyun da na sa shi ɗebowa. Yana karɓa yana juya hannunsa, ya ce yau dai bai ji zogi ba, ya tambaye ni shagon da na sayo.