GARAMBAWUL GA AIKIN GWAMNATI: MATSALAR TANA WAJEN SA IDO

ABUJA: Duk ɗan kasuwar da ya taɓa bin sawun lasisi ko kuɗin kwangila a wata ma'aikata ya san cewa jinkirin fayil asara ce. Saboda haka batun gyaran aikin gwamnati ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye.

Nijeriya dai ba ta rasa kwamitocin gyara ba. Hukumar Udoji, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1972, ta ba da shawarar a riƙa auna ma'aikaci da sakamakon aikinsa, tare da ƙarin albashi. Sai aka gaggauta biyan ƙarin da ariyas, aka yi watsi da sauran. Abin da ya biyo baya shi ne tashin farashin kayan masarufi.

A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami dubban ma'aikata. Masana da dama na ganin cewa tun daga nan ma'aikaci ya daina ɗaukar kujerarsa a matsayin abin dogaro.

Dokar soja mai lamba 43 ta 1988, zamanin Janar Ibrahim Babangida, ta mai da manyan sakatarori daraktoci-janar masu tafiya da gwamnatin da ta naɗa su, ta kuma danƙa wa ministoci alhakin kuɗin ma'aikatunsu. Ba a daɗe ba kwamitin Ayida na 1994 ya nemi a koma tsohon tsari, aka soke dokar.

Gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta lura da wannan giɓi, inda a 2004 ta kafa hukuma ta musamman domin tsara gyare-gyare da bin diddigin aiwatar da su. An samu ci gaba, musamman tsarin biyan albashi ta kwamfuta da aka fara a 2007, wanda ya taimaka wajen bankaɗo ma'aikatan bogi.

To sai dai rahoton Oronsaye na 2012, wanda ya nemi a rage hukumomin da doka ta kafa daga 263 zuwa 161, sai a 2024 Majalisar Zartarwa ta amince a aiwatar da shi.

Ke nan rubuta rahoto ba wuya, cika alkawari ne aiki. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su matsa lamba kowace ma'aikata ta bayyana wa'adin kammala kowane aiki, a kuma riƙa buga sakamakon duk shekara domin jama'a su gani.