Ba Kowane Shiru Ne Kunya Ba: Galahanga a 'Ya'ya Mata



Galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun yaro yana cikin mahaifiyarsa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da ita. Ba aikin iska ba ne, ba maita ba ce, kuma allurar rigakafi ba ta haddasa ta.

A asibitoci, idan aka gano yarinya ɗaya mai lalurar, akan gano maza kusan huɗu. Amma wani nazari na 2017 ya nuna cewa idan aka tantance dukkan yaran wuri ɗaya, adadin yakan koma kusan maza uku ga mace ɗaya. Ke nan akwai 'ya'ya mata da ake tsallakewa.

A 2015 masana a jami'ar Stanford ta Amurka sun kwatanta hotunan ƙwaƙwalwar yara maza da mata masu lalurar. Sun ga bambanci a sassan da ke sarrafa motsin jiki, sun kuma lura cewa mata ba su cika maimaita motsi ɗaya kamar maza ba. Duk da haka, hoto ba ya gano galahanga. Halin yaro ake dubawa.

Namijin da ke yawan kaɗa hannu, ko yake kururuwa idan hayaniyar kasuwa ta yi yawa, nan da nan ake lura da shi. Yarinya kuwa tana iya wuni a rumfar mahaifiyarta shiru, ba ta haɗa ido da kowa, sai a ce kunya ce, har a yaba mata.

Ku lura da waɗannan alamu, ga mace ko namiji: shekara ɗaya ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, wata 18 ba ya nuna abu da yatsa, shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko maganar da ya fara ta ɓace. Jin Hausa da Sango da Faransanci a gida ɗaya ba ya jawo haka.

Idan kun ga ɗaya daga cikinsu, ku je cibiyar lafiya mafi kusa ko asibitin yara na Bangui, ku nemi a fara duba jinsa. Babu maganin da ke kawar da galahanga, amma koyarwa da haƙuri tun da wuri suna taimaka wa yaro ƙwarai. Allah ya raya mana su.