Albam ɗin da ya bar Sakkwato a cikin memori, ya ɓulla a Amurka

Buɗe wayarka ka shiga wajen waƙoƙi. Ƙirga guda nawa ne ke ɗauke da sunan wanda ya rera su, guda nawa ne kuma sunansu ya koma wasu lambobi masu farawa da AUD, alamar sun sha yawo a WhatsApp har sun gaji. In kana cikin Kaduna ko Kano, inda data ke gudu, za ka ce ai wannan tsohon yayi ne, ga Audiomack ga YouTube. Amma in a Gwaska kake, ko Dogon Dawa, ko wani ƙauye da ke bakin dajin Birnin Gwari, ka san yadda abin yake. Sai ka nemi tudu kafin sabis ya kawo, waƙa kuwa wajen mai caji da turi ake samo ta ranar kasuwa, ko aboki ya watso maka ta Xender.

To kada ka raina wannan hanyar. Ta cikinta wani albam da aka naɗa a Sakkwato a shekarar 2008 ya bi, daga waya zuwa waya, har ya kai mai shi manyan dandalin kiɗa na Turai da Amurka. Sunan albam ɗin Anar, mai shi kuma Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar.

Buzun da ya zo neman muryar fina-finanmu

Mdou Buzu ne ɗan jihar Tahoua a Jamhuriyar Nijar. Gidansu gidan addini ne, ba su yi na'am da harkar kiɗa ba, kuma babu mai saya masa jita. Sai ya haɗa tasa da katako, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa har gobe. Wanda ya ja hankalinsa zuwa jita shi ne Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen gidan kiɗan jitar Buzaye a Nijar.

Da ya tashi naɗar waƙoƙinsa, sai ya tsallako iyaka zuwa Sakkwato. Ka tuna yadda sutudiyoyinmu suke a wancan lokacin: fiyano guda, kwamfuta, da Auto-Tune, na'urar nan da ke lanƙwasa murya ta yi zaƙi kamar ta mutum-mutumi, wadda ta cika waƙoƙin fina-finan Hausa. Da irin waɗannan kayan aka yi Anar. Jita ta Buzaye ce, harshen Tamashek ne, amma gangar inji ce, muryar kuma ta sha gyara irin na 'yan nanaye. Wanda ya saba jin waƙar fim zai ji kamar ya san muryar, sai dai ba ya gane abin da ake faɗa.

Babu kamfanin da ya fitar da albam ɗin a lokacin, babu talla, babu bikin ƙaddamarwa. Waƙoƙin dai suka faɗa wayoyin mutane, suka riƙa tsallakawa ta Bluetooth da katin memori, a tasha, a bayan mota, a majalisar shayi, har suka ratsa Nijar suka shiga Mali.

A garin Kidal na arewacin Mali wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ci karo da su. Shi ne mai ƙaramin kamfanin faifai na Sahel Sounds da ke birnin Portland, kuma a lokacin yana yawo yana kwafar waƙoƙi daga wayoyin matasa. A 2011 ya fitar da wasu daga ciki a wani kundi mai suna Music from Saharan Cellphones, wato waƙoƙin wayoyin Sahara, kuma waƙar Mdou mai suna Tahoultine na ciki. Wahalar da ya sha ita ce gano masu waƙoƙin domin a biya su, tunda yawancin fayilolin ba su ɗauke da cikakken suna balle lambar waya. Sai da ya yi ta cigiya kafin ya samu Mdou. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Sai a 2014 aka buga Anar a faifai a hukumance, shekara shida bayan naɗarsa. Shekara guda kafin nan, kamfanin ya fitar da Harafin So, kundin waƙoƙin fina-finan Hausa, don Turawa su ji tushen da wannan muryar ta fito.

Abin da waƙoƙin ke ɗauke da shi

Daga baya Mdou ya ajiye gangar inji ya kafa ƙungiya ta mutum huɗu: shi da Ahmoudou Madassane a jita, Souleymane Ibrahim a ganguna, da wani Ba'amurke, Mikey Coltun, a jitar bes mai kaurin sauti. Wannan shi ne tsarin da Turawa ke kira indie rock: samari kaɗan, jita da ganguna, da ƙaramin kamfani mai cin gashin kansa maimakon manyan kamfanonin da ke juya kasuwa. A watan Mayun 2021 suka fitar da Afrique Victime a kamfanin Matador na New York, wanda ke cikin rukunin Beggars na Landan.

In za ka saurare shi, daure ka bi shi daga farko zuwa ƙarshe, kada ka tsinci guda ɗaya kamar yadda TikTok ya saba mana. Waƙoƙi tara ne. Ya buɗe da Chismiten, wadda ke magana a kan hassada da kishi, da roƙon Allah Ya tsare mutum daga zama mai irin wannan hali. Tala Tannam waƙar soyayya ce mai sanyi, jita a hankali, kamar hirar dare bayan an kashe janareta. Can kusa da ƙarshe sai waƙar da albam ɗin ya ci sunanta, mai tsawon sama da minti bakwai, wadda ke kuka da yadda ake cin amanar Afirka. Tana farawa a natse, tana ƙara gudu, har jitar ta koma kamar ihu. In ka ji ta ita kaɗai, za ka ce hayaniya ce. In ka biyo ta bayan waƙoƙin soyayyar, za ka gane cewa mutumin da ke fushin nan yana da abin da yake tsoron rasawa. Amfanin albam ke nan, kowace waƙa tana yi wa 'yar uwarta sharar fage.

Fushin nasa kuma yana da adireshi. Ya sha faɗa a hirarrakinsa cewa shekaru da dama Faransa na kwasar yuraniyom a Arlit, alhali ƙauyukan Nijar na kwana cikin duhu. A albam ɗinsu na 2024, Funeral for Justice, akwai waƙar da ta kira Faransa da sunanta, akwai kuma Imouhar, wadda ke kira ga Buzaye kada su bari harshensu ya mutu a bakin 'ya'yansu. Har yau da Tamashek yake rera mafi yawan waƙoƙinsa, kuma Baturen da bai san ko kalma ɗaya ba yana biyan kuɗi ya shiga kallo.

Wani abin burgewa: lokacin da Afrique Victime ya fito, Matador ya sayar da wasu kwafe a cikin tsohuwar wayar Nokia da aka loda wa albam ɗin, don tunawa da hanyar da waƙoƙinsa suka fara bi.

Su ma samarin Ingila haka suka fara

Kada ka ɗauka wannan dabarar talakan Sahel ce kawai. A 2002 wasu samari huɗu a unguwar High Green da ke Sheffield, a arewacin Ingila, suka kafa ƙungiyar Arctic Monkeys. Suna naɗar waƙoƙinsu a faifan CD su raba kyauta a wuraren wasa. Masoyansu ne suka riƙa kwafa suna tura wa juna ta intanet, su ne ma suka buɗe musu shafi a MySpace, wanda shi ne dandalin da ake yayi kafin Facebook ya karɓe gari. Kafin albam ɗinsu na farko ya fito, jama'a sun riga sun haddace waƙoƙin.

Albam ɗin, Whatever People Say I Am, That's What I'm Not, ya fito ranar 23 ga Janairun 2006 a kamfanin Domino, shi ma mai cin gashin kansa. A makon farko an sayar da sama da kwafi 360,000, abin da babu wani albam ɗin farko da ya taɓa yi a Birtaniya kafin nan. Ya kuma ci kyautar Mercury ta wannan shekarar.

Me ke cikin waƙoƙin guda 13? Rayuwar garinsu ce kawai. Akwai wadda ke ba da labarin cacar baki da masu gadin ƙofar gidan rawa, akwai ta cikin tasi a hanyar komawa gida, Riot Van kuma ta yaran unguwa ce da motar 'yan sanda. Mardy Bum ta budurwa ce mai saurin kumbura fuska, kalmar mardy ma ta karin harshen yankinsu ce. Mawaƙin, Alex Turner, bai gyara lafazinsa ya koma na Landan ko na Amurka ba. Har waƙa guda suka yi, Fake Tales of San Francisco, suna yi wa 'yan garinsu masu kwaikwayon Amurkawa shaguɓe. Gidan rawa da mashaya ba rayuwarmu ba ce, kuma babu mai cewa ka kwaikwaye ta. Abin dubawa shi ne, sun rera unguwarsu da bakin unguwarsu, shi ya sa waɗanda suka fara jin waƙoƙin suka ɗauke su tamkar nasu, suka yi ta rabawa ba tare da an roƙe su ba.

To, Gwaska fa?

Rubuta Gwaska a Google ka ga abin da zai fara fito maka. Harin watan Mayun 2018 ne, wanda aka kashe aƙalla mutum 45. Rubuta Birnin Gwari, za ka ga hanyar Kaduna, dajin Kamuku, garkuwa da mutane, da katse layukan waya da gwamnatin jiha ta yi daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021. In an yi sa'a ka ga labarin sake buɗe kasuwar shanu a ƙarshen Nuwamban 2024. Duk wannan ya faru, babu mai musu. Sai dai kusan duka wasu ne suka rubuta shi daga nesa, kuma lissafin gawa ne ya fi yawa a ciki.

Wa zai ba da labarin saurayin da aka ɗaga bikinsa sau biyu saboda ba a samu shiga gona ba? Ko yarinyar da ta koma gidan gwaggonta a cikin gari, take kewar rafin ƙauyensu? Ko direban da ke karanta addu'a tun daga Buruku? Ko ranar da aka fara jin kukan shanu a kara bayan shekaru? Kai ka san su, da kai ake zaman majalisar. Kuma ka san cewa hanyar turin nan ba ta zaɓe: har waƙoƙin yabon 'yan bindiga sun zagaya wayoyin Arewa ta cikinta. In masu gona da masu makaranta ba su cika memorin da nasu labarin ba, na wasu ne ƙannenka za su haddace.

Ba lallai sai da jita ba. Gurmi, kuntigi, kalangu, fiyano, hip-hop, ko baitoci zalla babu kiɗa in hakan ne ya fi kwanta maka a rai ko a gidanku, duk hanya ce. Ke ma da kike rubuta baitoci a bayan littafin makaranta kina ɓoyewa, da ke ake. Abin da labarin Anar ke koya mana na aiki ne:

Na farko, sa sunanka. Ka ambace shi a cikin waƙar, ka rubuta shi a jikin fayil ɗin tare da sunan waƙar, don ko WhatsApp ya goge rubutun, muryar ta riƙe shi. Mawaƙanmu na gargajiya sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke kiran kansu da garinsu a tsakiyar waƙa. Mdou ya yi shekaru waƙarsa na yawo a ƙasashe kafin wanda ke son biyansa ya gano inda yake.

Na biyu, ajiye asalin naɗin. Kada ka baro shi a kwamfutar mai sutudiyo kawai. Karɓi kwafinka, ku yi magana a fili a kan wa ke da waƙar, in da hali a rubuce, tun kafin ta yi kuɗi. Abota ba ta cika jure wa kuɗin da ba a yi zancensa da wuri ba.

Na uku, tara su. Waƙa ɗaya tana iya tashe mako biyu ta mutu. Shida ko takwas da aka jera da tunani, ta soyayya kusa da ta kewa, ta kewa kusa da ta fushi, su ne ke nuna wa baƙo garinku gaba ɗaya.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, tsare ranka. Kada ka kira sunan kowa, kada ka nuna hanya ko gidan wani a bidiyo, kada ka faɗi abin da zai jawo wa ƙauyenku fitina. Labarin uwa da ke jiran ɗanta ba ya bukatar sunan wanda ya ɗauke shi kafin ya sa mutum hawaye.

Gaskiya ita ce, ba kowa ne zai zama Mdou ba. Dubban waƙoƙi sun bi ta memori sun ɓace, kuma shi kansa sai da ya yi shekaru yana kiɗan biki a Agadez kafin duniya ta waiwaye shi. Amma ko waƙarka ba ta wuce Funtuwa ba, in yaron Kuyello ya ji ta ya ce wallahi haka abin yake, ta yi aikinta.

In ka samu sabis mai ƙarfi a makon nan, nemi Tahoultine ka fara ji, sannan ka bi ta da Afrique Victime. Shekara 13 ke tsakaninsu, kuma mutum ɗaya ne. Sai ka gaya mana: in kai ne za ka haɗa albam a kan garinku, wace waƙa za ka sa a farko?