Daga dala biyun Korgom zuwa jirage marasa matuƙa: wa ke ƙidaya kuɗin makaman Nijar?

A Korgom, kamar sauran garuruwan Hausawan Nijar, sefa goma sunanta dala biyu. Kuɗi ne da yaro ma kan raina idan aka ba shi tukuici. Amma tun watan Oktoban 2023, lokacin da gwamnatin mulkin soja ta kafa Asusun Ceton Ƙasa da ake kira FSSP, wannan dala biyu ta shiga lissafin yaƙi. An tsara cire ta daga kiran waya da sayen data, da tikitin shiga mota, sannan jaka ɗaya daga tikitin jirgin sama, ban da abin da ake yanka a kuɗin man fetur da gudummawar da 'yan ƙasa na gida da na waje ke aikowa don raɗin kansu. Babban abin da aka ce za a yi da kuɗin shi ne ƙarfafa sojoji da kayan aiki.

Ke nan manomin geron da ya kira ɗansa a Kano ko Agadas, da matashin da ya hau mota daga Tasawa zuwa Maraɗi, duk suna da hannun jari a makaman da ƙasar ke saye. Korgom ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi, ba ta da nisa da iyakar jihar Katsina. Mutanenta manoma ne da makiyaya da 'yan ci-rani. Babu barikin jiragen yaƙi a can, babu masana'anta, kuma sunan garin bai cika fitowa a labaran tsaro ba. Duk da haka, shawarar da aka yanke a Yamai ta gaggauta sayen makamai ta shafe su ta fuska biyu: su ne masu biya, kuma don kare su aka ce ana saye.

Dokar da ta cire shinge

Ranar 23 ga Fabrairun 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan doka mai lamba 2024-05. Dokar ta fitar da sayayyar kayan jami'an tsaro, da gine-gine da sauran ayyukan da ake yi musu, daga ƙarƙashin dokokin ba da kwangilar gwamnati da na lissafin baitulmali, ta kuma yafe musu haraji. Ma'anarta a sauƙaƙe: ba dole a tallata kwangila ba, ba dole 'yan kasuwa su yi takara a kan farashi ba, kuma takardun ba sa bin dogon layin ofisoshin da ke tantance sauran kuɗin gwamnati. Wannan sassauci bai tsaya ga sojoji kaɗai ba, ya haɗa har da fadar shugaban ƙasa da gidajen hukuma.

Hujjar masu goyon bayan dokar ba ta da wuyar fahimta. Ƙasar na yaƙi a Tillaberi da Diffa da arewacin Tawa. Faransa ta kwashe sojojinta na ƙarshe a Disamban 2023. Takunkumin ECOWAS, wanda ya toshe kuɗi da iyakoki tun ƙarshen Yulin 2023, yana nan a ranar da aka sa hannu. Washegari, 24 ga wata, aka ɗage shi a Abuja. Sojan da ke bakin daga ba zai jira wata shida ana jayayya a kan wanda zai kawo masa taya ba. Haka kuma babu rundunar da ke son maƙiyi ya karanta jerin abin da ta saya a jarida.

Mutanen ƙasar Tasawa kuwa ba sa buƙatar a yi musu lacca a kan abin da rashin makami ke jawowa. A nan ne rundunar Voulet da Chanoine ta biyo a 1899 da bindigogi masu saurin harbi tana ƙona garuruwa, kuma a kusa da Maijirgi, cikin wannan gunduma, aka kashe jagororin biyu a watan Yulin shekarar.

Sai dai ƙungiyoyin yaƙi da cin hanci, ciki har da reshen Transparency International na Nijar, sun soki dokar tun fitowarta. Abin da ya sa sukar ta yi nauyi shi ne ƙasar ta taɓa gwada irin wannan hanya, kuma kowa ya ga inda ta ɓulle.

Biliyan 76

Tun 2013 akwai wata doka ta musamman da ta ba ma'aikatar tsaro damar ƙulla ciniki kai-tsaye da ɗan kwangila da sunan sirrin tsaro. A ƙarƙashinta aka kashe maƙudan kuɗi a shekarun da Boko Haram ta addabi Diffa, rikicin Mali kuma ya malalo yamma. Da Issoufou Katambe ya karɓi ma'aikatar a 2019, sai aka sa sufetocin rundunar su binciki kwangilolin. Rahoton farko da ya fito a farkon 2020 ya nuna asarar kusan sefa biliyan 76: sama da biliyan 48 na aringizon farashi, kusan biliyan 28 kuma na kayan da aka biya ba a kawo ba. Masu binciken sun gano takarar bogi, inda kamfanoni na kan takarda ke shiga don a ce an yi gasa. A cinikin jirage masu saukar ungulu biyu ƙirar Rasha da aka yi a 2016 kaɗai, ƙarin da aka yi ya kusa dalar Amurka miliyan 20.

Lokacin da labarin ya fito shi ya fi ƙona rai. Ranar 10 ga Disamban 2019 an kashe sojoji 71 a Inates. Ranar 9 ga Janairun 2020 an kashe 89 a Chinegodar. Ba a gama zaman makoki ba iyalai suka ji cewa akwai kayan yaƙin da aka biya kuɗinsu amma ba su taɓa isowa ba.

Abin da ya biyo baya ma darasi ne. Zanga-zangar da ƙungiyoyin farar hula suka kira a Yamai ranar 15 ga Maris 2020 ta ƙare da mutuwar mutum uku da gobara a kasuwar Tagabati, aka kuma tsare jagororinta, ciki har da Moussa Tchangari da Maikoul Zodi. 'Yar jarida Samira Sabou ta yi makonni a kurkuku saboda wani rubutu da ya shafi batun. Da aka zauna da 'yan kwangilar, adadin ya sauko zuwa kusan biliyan 12 na aringizo da biliyan 18 da rabi na kayan da ba a kawo ba, gwamnati kuma ta janye daga neman diyya a kotu bayan sun amince su biya.

Idan aka mayar da biliyan 76 zuwa dala bibbiyu, sai an yi kiran waya biliyan 7 da miliyan 600 kafin a tara ta.

Sojojin da suka karɓi mulki ranar 26 ga Yulin 2023 sun ambaci taɓarɓarewar tsaro da rashin iya riƙon dukiyar ƙasa cikin dalilansu, sun kuma kafa hukumar COLDEFF don ƙwato kuɗin da aka wawure. Shi ya sa da wuya a fahimci yadda maganin ɓarnar da ta faru a cikin duhu zai zama ƙara rage fitila. Gaggawa da ɓoye lissafi abubuwa biyu ne daban. Ukraniya, wadda ke cikin yaƙin da ya fi na Sahel cin makamai, ta buɗe dandalin Brave1 a 2023 don ƙananan kamfanoni su kai sabbin ƙirƙire-ƙirƙirensu ga sojoji cikin hanzari. A shekarar ce kuma 'yan jaridar ƙasar suka tona aringizon kuɗin abincin sojoji, har ministan tsaro ya bar kujerarsa.

Me aka saya?

Sauya kasuwar makamai ya riga juyin mulki. Mohamed Bazoum ne ya ƙulla cinikin jiragen Bayraktar TB2 da Turkiyya a ƙarshen 2021, shida suka iso a 2022. Jirgi ne da ke iya wuce awa 24 a sama, yana ɗaukar kaya kimanin kilo 150, kyamararsa na gani dare da rana, kuma farashinsa bai kama ƙafar na jiragen Amurka ba. Abu mafi muhimmanci ga Yamai shi ne linzamin yana hannun sojan Nijar. Jiragen da Amurka ta girke a sansanin Agadas, wanda ya ci sama da dala miliyan 100, Amurkawa ke tuƙa su, su ke zaɓar abin da za su nuna wa mai masauki.

Bayan juyin mulki tafiyar ta ƙara sauri. A Maris 2024 Nijar ta soke yarjejeniyar soja da Amurka, kuma kafin tsakiyar Satumba sojojinta sun fice. A Afrilu masu horarwa na Rasha suka sauka a Yamai da na'urar kakkaɓo jirage. A Yuli ministocin harkokin waje da tsaro na Turkiyya da shugaban hukumar leƙen asirinta suka zo a tawaga guda. A Nuwamba aka sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha don samar da taurarin ɗan'adam uku, na sadarwa da na ɗaukar hoton ƙasa da na rada. A Janairun 2025 ministan tsaro Janar Salifou Mody ya sanar da rundunar haɗin gwiwa ta sojoji 5,000 da Mali da Burkina Faso.

Mai sayarwa ya sauya, amma dogaron yana nan. Bama-baman TB2 daga Turkiyya suke zuwa, kayan gyara ma haka, kuma duk da kuɗin waje ake biya.

Abin da kudancin Maraɗi ke buƙata

Matsalar jihar Maraɗi ta sha bamban da ta Tillaberi. A nan 'yan bindiga ne masu satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa, waɗanda ke tsallakowa daga dazukan Zamfara da Katsina da Sakkwato. Gundumomin Madarunfa da Gidan Rumji, da dajin Baban Rafi, su suka fi ɗanɗanawa, kuma tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Najeriya suka samu mafaka a yankin. Don su aka girke rundunar Farautar Bushiya. Tasawa da Mayahi suna gabas da arewa da wannan wuta, amma kasuwannin dabbobinsu da hanyoyinsu da dangantakar aure duk a haɗe suke da inda take ci.

Ɓarawon da ya shigo a kan babur da tsakar dare ya kora garke, kafin asuba ya tsallaka iyakar da tsawonta ya kai kimanin kilomita 1,500. Jirgi mara matuƙi na iya hango shi, in an yi sa'a yana sama a daidai wurin a daidai lokacin. Abin da ke kama shi kuwa abubuwa ne marasa ƙayatarwa: layin waya mai aiki a ƙauye, jami'in da zai ɗauka idan an kira, mota mai mai a tanki, babura, tabarau na gani da dare, da fahimtar juna da jami'an ɗaya ɓangaren iyakar. Irin waɗannan ba a yi musu bikin ƙaddamarwa, kuma su ne aringizo ya fi saurin ɓuya a cikinsu, domin babu mai ƙirga litar man da aka ce an zuba.

Ga kuma haɗarin idon da ke kallo daga sama. A kyamara, ayarin baburan 'yan biki da na 'yan bindiga kusan kamarsu ɗaya. Ranar 3 ga Disamban 2023 jirgin sojan Najeriya mara matuƙi ya kashe aƙalla mutum 85 a taron Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna. Bayan wata guda hukumomin Nijar suka amsa cewa fararen hula sun mutu a harin sama da aka kai Tiawa, kusa da iyakar Burkina Faso. Horar da mai tuƙi da mai tantance hoto yana cin lokaci, kuma babu dokar da ke gajarta shi.

Ƙirar gida

Ɓangaren da ya fi jan hankalin matasa a Facebook da TikTok shi ne na ƙira a gida. A 2025 wani kamfanin 'yan ƙasa, Guedesign Automotive, ya nuna motar soja mai suna Tamgak Wangari da aka haɗa a Nijar. Abin alfahari ne, amma tsakanin mota ɗaya ta nuni da masana'anta akwai tafiya. Najeriya ta kafa DICON a Kaduna tun 1964, ta nuna jirgin Tsaigumi a 2018 da motar sulke ta Ezugwu a 2019, har yanzu kuma manyan makamanta daga waje take sayowa. Turkiyya ta kafa Aselsan a 1975 bayan Amurka ta hana ta makamai, sai a 2014 TB2 ya fara tashi.

Inda Nijar za ta fi saurin cin riba shi ne gyara da kayan canji, da ƙananan jiragen leƙe irin waɗanda masu iƙirarin jihadi a Sahel da tafkin Chadi suka riga suka fara saye a kasuwa suna ɗaura musu bam. Maraɗi na da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da makarantar fasaha ta Dan Kasawa, ga makanikai da masu walda a kowane gari, ga 'ya'yan jihar da suka karanta injiniyanci a waje. Amma ƙaramin kamfani yana samun shiga ne idan an tallata aiki an ce kowa ya kawo farashinsa. Inda ciniki ya zama na kai-tsaye, wanda ya san ƙofa shi ke shiga.

Wanda zai yi wannan tambaya a madadin mutanen Korgom shi ne ya yi ƙaranci. An rusa majalisar dokoki tun 2023. A Afrilun 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa wakilan gwamnati su riƙe su. A Disamban 2024 aka sake kama Moussa Tchangari. A Maris 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa, Janar Tiani kuma ya yi rantsuwar wa'adin shekara biyar, sannan majalisar tuntuɓa da aka kafa daga baya naɗa mambobinta aka yi, aikinta kuma ba da shawara ne.